Wutar Inna Iyatu

Igiyar fara ce, sabuwa fil, kuma ta tsakiyar murhun Inna Iyatu suka ratsa da ita. Leburori biyu ne suka kafa turaku tun hantsi bai dubi ludayi ba, ɗaya a gindin bangon kantin Bature, ɗaya a bakin hanya, suka ja igiyar ta bi ta saman tukunyar tuwo tana rawa cikin tururi. Ina zaune a gefe da faifan daddawata, inda na saba zama shekara goma sha ɗaya, ina kallon ikon Allah. Inna ta ci gaba da tuƙi har tuwon ya yi yadda take so, ta jingine muciya, sannan ta zaro itace mai ci daga murhu ta kanga a ƙarƙashin igiyar. Igiyar ta tsinke, bakinta biyu suka faɗi ƙasa suna hayaƙi.

"Ku hwaɗa ma wanda yat turo ku," in ji ta, "igiyatai ta shiga min tuwo."

Leburorin suka dubi juna, suka juya. Ba a jima ba sai ga wanda aka turo a madadinsu, kuma tun daga nesa na gane tafiyarsa. Haruna ne, ɗan Inna na fari, magidanci mai gemu da 'ya'ya uku, shi ne mai awon fata a sikelin kantin. Ya durƙusa nesa da murhu kamar yadda ya saba tun yana ƙarami.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau. Mai sikeli, yau kai anka aiko?"

Haka take kiransa. Da can yana noma tana ce masa mai gona. Ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba, kuma duk Ƙofar Kware an san da haka.

"Inna, ɗakin kananzir za a gina nan," in ji Haruna, idonsa a ƙasa. "Akawu ya ce Bature ya ce wuta da kananzir ba su zama wuri guda. An ba ki zuwa Alhamis ki kashe ta."

"Wa yat tarad da wani? Wutag ga ko kananzir?"

"Inna, don Allah."

"Tambaya niy yi maka."

"Wuta ta riga."

"To baƙo shi ka neman wurin zama, ba mai gida ba. Tashi ga ɗumame nan ka ci, na ga ka rame tun da kak kama auna mushe."

Bai ci ba. Ya miƙe ya koma inuwar kwano, ita kuwa ta tura wani icen a murhu. Ranar Litinin ce, farkon bazara, shekara ashirin da ɗoriya bayan shigowar Nasara Sakkwato.

*

Wanda bai san wurin ba a da, ba zai gane abin da muka rasa ba. Daga bakin ƙofa zuwa gindin tsamiya rumfuna bakwai ne a jere, kuma duk wanda ya shigo gari daga Kware ko ya hauro daga gulbi, da hanci yake fara sanin ya iso. Ta farko tukubar Sodangi ce, mai tsire. Sodangi ba ya barin kowa ya daka masa ƙuli, da kansa yake haɗa yajinsa a bayan zana, kuma ko sarki ne kai sai ka jira naman ya yi. A daidai wurin tukubar aka kafa sikeli. Yanzu in iska ta kaɗo, warin ɗanyar fata ne da maganin da suke yayyafa mata.

Kusa da shi Tambari baduku, mai takalman jar fata da gafakar malamai. Shi ba korarsa aka yi ba. Kanti ne ya riƙa tare fatun awaki tun a bakin ƙofa, ɗanyu, kafin su kai hannun majema, aka wayi gari Tambari na zaune da basilla babu abin ɗinkawa. Ya tattara ya koma ƙauye noman gero, aka rushe rumfarsa aka yi ɗakin tara fata. Mamman mai gishirin Azbinawa ya fi kowa daɗewa yana gardama, yana rantsuwa farin gishirin buhu ba ya shiga miya, amma mata suka nuna masa yana shiga. Inda yake baje hajarsa nan ne tagar kanti a yau, inda ake miƙo yadin akoko da sabulu da ashana. Sadiyatu mai fura kuwa rasuwa ta yi, ba a yi sadakar arba'in ba aka share wurinta don mota ta samu inda za ta juya. Sauran biyun ma har na fara mance fuskokinsu, Allah ya yafe mini.

Ba rana ɗaya aka cinye mu ba, kuma wannan ne yake ƙona mini rai har gobe. Ɗaya bayan ɗaya aka bi mu, kowa ya ga an taɓa na kusa da shi sai ya ce Allah ya kyauta ya ci gaba da cinikinsa. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Mu ko ruwan ba mu shafa ba, kallo muka tsaya yi.

Rumfar Inna Iyatu ce ta bakwai, ita kaɗai ta rage. Tuwon shinkafa take yi da miyar sure da busasshen kifin gulbi, manoma su ɗaure jakunansu a tsamiya su zauna su ci su yi gyatsa. Amma ba tuwon ne abin alfaharinta ba, wutar ce. Mahaifiyarta Dijatu ce ta ƙyasta ta da ƙyastu ranar da ta kafa rumfar, kuma tun daga ranar ba ta taɓa mutuwa ba. Kullum in an tashi, Inna za ta cusa guntun itacen marke da busasshen kashin shanu, ta binne da toka, da safe ta tone ta hura. Ranar da Nasara suka shigo, gari ya watse, mutane na gudu da 'ya'ya da awaki, ita garwashi ta zuba a tukunya ta rungume ta zauna a gindin ganuwa har ƙura ta lafa. Shekarar yunwa ma, da babu ko tsabar da za a dafa, ruwa take ɗorawa don kada murhun ya huce.

Daga wannan murhu duk unguwa ke ɗibar wuta. Da sassafe za ka ga mata sun jero da kasake, kowace a zuba mata garwashi biyu uku, ta rufe da hannu ta wuce da sauri. Ka'idar ɗibar wuta uku ce, kuma ko yarinya ta san su: ba a sayar da ita, ba a hana ta, ba a gode ta. Ko jiya kun yi dambe da Inna, yau kika miƙo kasko za ta zuba miki ba tare da ta dube ki ba. A bakin murhun nan ake jin wa ta haihu, wa ke kwance, gidan wa aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Matar da kwana biyu ba ta zo ɗibar wuta ba, Inna ta san babu abin dafawa a gidanta, sai ta aika da malmala a rufe ba tare da kowa ya ji ba.

Sai ashana ta zo. Ni ba zan yi ƙarya ba, ashana abu ce mai daɗi. Ba fita cikin ruwan sama, ba ƙuna a tafin hannu. Layin mata ya riƙa raguwa har ya koma mutum huɗu ko biyar, Inna kuwa ta ɗauka sauran sun iya binne wuta ne yanzu, shi ya sa ba sa zuwa. Da bakinta ta gaya mini haka, tana murna. Ban gaya mata gaskiya ba, domin wata biyar ke nan da akwai ɗan akwatin ashana ƙulle a bakin zanena.

*

Ranar Talata akawun kanti ya zo da kansa. Mutum ne mai tsafta da sanyin murya, kuma in za a faɗi gaskiya shi ma ɗan aike ne. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce an yanka mata wuri a bayan ganuwa, can wajen da mahauta ke zubar da ƙashi, ta je ta kafa rumfa ba mai damunta. Sannan ya ajiye wani ƙunshi a gabanta.

"Wannan kyauta ce daga kanti. Ashana ce, za ta kai miki shekara. Duk inda kika je, ƙyas ɗaya kin samu wuta."

Inna ta ɗauki ƙunshin ta jinjina shi a hannu.

"Duk wuta ta a ciki?"

"Duk wuta ce, Inna."

"To bari ta gai da yayatta."

Ta cilla shi cikin murhu. Ya yi shiru kamar ba zai yi komai ba, sai ya tashi fuu da wani harshe mai wari har ya lashi gefen rumfa. Akawu ya yi tsalle baya, ya taka kwanon miyar wani manomi. Sodangi na zaune a wurin yana cin tuwo, tsohon mai tsiren nan, wanda yanzu dakon fata yake yi wa kantin da furfurarsa. Ya fashe da dariya har ya ƙware, sannan ya tuna inda yake samun na abinci, ya haɗiye sauran dariyar yana waige-waige.

"Yi dariyakka, Sodangi," in ji Inna. "Ita ba su auna ta ba tukuna."

Akawu bai yi fushi a fili ba. Amma da yamma aka ga leburori suna bi gida gida a lungunmu, suna miƙa akwatin ashana ɗai-ɗai, wai kyauta ce daga kanti. Washegari mace ko ɗaya ba ta zo da kasko ba.

Laraba na raka ta wurin mai unguwa. Ya saurare ta yana jan carbi, ya ce maganar daga bariki ta sauko, ta fi ƙarfinsa, a yi haƙuri, duniya ce ta canza. Inna ta miƙe tana gyara mayafi.

"Ran da anka haihe ka," ta ce masa, "daga murhuna anka ɗebo wutad da anka dahwa ruwan wankan uwarka. Ban zaka roƙo ba. Na zaka in ga ko ka tuna."

Ya ci gaba da jan carbinsa, mu kuma muka fito.

*

Alhamis da sassafe, ina shimfiɗa faifai, sai ga mace lulluɓe da kasko a hannu. Sakinatu ce, matar Haruna. Rabonta da ɗibar wuta ya fi shekara, don gidansu ne na farko da ashana ta shiga a unguwar. Ta durƙusa ta gaida surukarta, muryarta can ƙasa.

"Inna, ashanammu ta ƙare."

"Gidan mai sikeli babu ashana? Ashe wanzami ba shi son jarfa." Inna ta yi 'yar dariya, ta zuba mata garwashi. Sakinatu ta rufe da hannu ta tafi, ko waiwaye ba ta yi ba.

Rana na take tsaka suka iso: dogarai biyu, leburori da diga, akawu, da Haruna a bayansu ɗauke da tulu a kafaɗa. Daga baya muka ji yadda aka yi. Bature ne ya ce kada wani baƙo ya taɓa tsohuwa a ce an ci zarafinta, ɗanta ya kashe wutar da hannunsa. In kuwa ba ya iya sa uwarsa ta ji magana, to masu kawo fata ma ba za su ji tasa ba, kuma akwai mutum goma da ke son sikelin. Wannan wayo ba na Bature kaɗai ba ne, wani namu ne ya koya masa inda ya fi ciwo.

Mutane suka taru, maza a gindin tsamiya, mata a bakin lungu. Inna ta sauke tukwanenta da kanta, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta kwashe tuwon da ya rage ta rarraba wa manoman da ke wurin, har dogaran ta miƙa wa, ɗaya ya karɓa, ɗaya ya kau da kai. Murhu ya rage tsirara, duwatsu uku baƙaƙe da jan garwashi a tsakani. Ta koma ta zauna a kujerarta ta tsuguno, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

Haruna ya matso. Ruwan tulun na zuba masa a riga. Ya tsaya a kan murhun da aka dafa duk abin da ya taɓa ci har ya yi gemu.

"Haruna," in ji Inna.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma har gindin tsamiya an ji. Wata tsohuwa a bayana ta yi salati. Shekara talatin da biyar bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ya ɗago ya dube ta kamar wanda aka mara. Na ɗauka zai ajiye tulun. Wallahi na ɗauka zai ajiye. Akawu ya yi gyaran murya, Haruna ya runtse ido ya karkata tulun.

Murhun ya yi wata ƙara, farin tururi da toka suka turnuƙe rumfar, warin jiƙaƙƙen gawayi ya cika wurin. Ya zuba har ɗigon ƙarshe. Baƙin ruwa ya gangaro ya bi ta ƙarƙashin ƙafafun Inna, ba ta janye su ba. Ni kam kuka nake yi, kuma ban ɓoye ba.

Ita ba ta yi ba. Ta miƙe, ta ɗauko tsohon kaskonta daga rataye, ta kakkaɓe shi, ta dubi akawu tana murmushi.

"Ka gama? To ka hwaɗa ma maigidanka ya yi aikin banza. Wutag ga tana gida arba'in cikin unguwag ga. Sai shi bi su da tulu ɗaya ɗaya." Ta juyo gare ni. "Juwairiyya, tashi mu tai gidanki."

*

Ban taɓa jin tafiya mai nisa kamar wannan ba, alhali gidana shi ne na uku a lungu. Akwai wuta a murhuna, na bar wake a kai. Ina tafe ina saƙawa a raina: garwashi dai garwashi ne, ba shi da tambari a goshi. In zuba mata ta tafi da farin cikinta, wa zai sani? Muka shiga, na karɓi kaskon, na durƙusa, har na kai hannu ga mafici.

"Dakata," in ji Inna.

Ta sunkuya a gefen dutsen murhu ta tsinci wani abu, ta ɗaga shi daidai idona. Ƙonannen tsinken ashana ne. Akwai wasu 'yan'uwansa a cikin toka, sun fi goma.

"Tun yaushe?"

"Wata biyat, Inna."

"Kina zamne gehena kullum."

"Inna, ki yi min aikin gahwara."

"Ba ki yi min komi ba," ta ce, ta karɓi kaskonta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na bi ta a baya, ba don ta ce in zo ba. Gida na biyu suka ce tasu ta mutu tun kaka, suka ƙyasta. Gida na uku matar ta rantse wutar Inna ce, Inna ta tambaye ta da me ta binne ta jiya, matar ta kama inda-inda. Muka je gidajen matan nan huɗu da ke zuwa har ranar Talata, waɗanda ta fi sa rai da su. Kowace ta bar tata ta mutu tun daren da aka raba ashana, don wa zai wahala da binne wuta alhali ga ta a akwati? Ko'ina hayaƙi na tashi, ko'ina ana girki, ana yi mata sannu da zuwa, ana cewa ga wuta nan Inna ɗebi. Ita kuwa sai ta leƙa murhun ta girgiza kai ta fito. A wani gida ta tarar ba a ɗora komai ba, yara na kwance a inuwa, uwarsu ta ce kwana uku ke nan. Inna ta tsaya ta daɗe tana dubansu.

"Da kina zakkuwa ɗibar wuta da na sani," ta ce.

Har aka kira la'asar muna yawo. Ƙafafunta suka kumbura, kaskon na nan fayau. Ta zauna a kan wani turmi a bakin lungu tana haki, a lokacin ne na fara ganin tsufa a fuskarta. Shekara da shekaru tana zaton kowa na riƙon wuta yadda take riƙonta.

"Inna," na ce a hankali, "Sakinatu ta ɗiba yau da sahe."

"Na sani."

"To mu..."

"Ba ni taka gidan nan."

Ta daɗe tana juya kaskon a cinyarta, tana shafa bakinsa da ya cinye. Can ta dafa kafaɗata ta miƙe, muka nufi gidan Haruna.

Ba ta shiga ba kuwa. A ƙofar zaure ta tsaya ta ce in yi sallama. Kafin in rufe baki Sakinatu ta fito, kamar dama a bayan ƙofa take, riƙe da ƙaramar tukunya an rufe ta da murfi. Ta durƙusa ta buɗe. Guntun marke ne a ciki, binne a toka yadda Inna ke yi, gefensa ja wur.

"Ban haɗa ta da kowace wuta ba, Inna. Ko girki ban yi da ita ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ashanammu ba ta ƙare ba. Shi yac ce in je in ɗebo in ɓoye miki."

"Yaushe yac ce miki?"

"Tun jiya da marece."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. "Ke nan tun jiya da marece yas san za shi zuba ruwan."

Sakinatu ta fashe da kuka. Inna ta tsuguna, ta kwashe garwashin da hannunta da ya saba, ta zuba a kasko, ta hura sau ɗaya ya amsa.

"Ki ce mai," ta fara, sai ta tsaya. Muna jira, ba ta ƙarasa ba. Ta rufe kaskon da tafin hannu ta juya.

*

Juma'a da safe na fito na tarar an rushe rumfar, leburori na haƙa tushe, duwatsun murhun nan uku an jefa su cikin ramin tare da sauran duwatsu. Inna kuwa tana tsallaken hanya, daidai ƙofar kanti, a fili fetal inda babu ko inuwa. Ta samo marmara uku daga gindin ganuwa ta girka, tukunya na tafasa. Iskar bazara na kwasar hayaƙin tana tsallaka hanya da shi, tana shafa shi a farin bangon kanti.

Na shimfiɗa faifaina a gefenta. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba. Manoma suka zo, suka ci a tsaye cikin rana, suna satar kallon dogari. Sodangi ya wuce da fatu a ka, ya rage tafiya, ya shaƙi hayaƙin, ya ce, "Iyatu, ita ta?" Ta ce, "Ita ta." Ya wuce yana murmushi shi kaɗai. Haruna na can kan sikeli, taku ashirin tsakaninsu, yana ɗora fata yana saukewa. Hayaƙin na shiga masa ido, yana gogewa da hannun riga, amma bai ɗago ba ko sau ɗaya.

Ta ajiye tsohon kaskon a bakin murhu, inda mai bukata za ta gani. Mata suka yi ta wucewa, wasu su gaishe ta, wasu su ja mayafi su ƙara sauri. Aka sauko daga masallaci, rana ta karkata, kaskon na nan inda yake.

Na taɓa ƙullin bakin zanena na ji ɗan akwatin nan. Ban jefar da shi ba, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Amma na tashi na ɗauki kaskon, na durƙusa na miƙa. Inna ta dube ni, ta dubi kaskon, ta tono garwashi uku daga can ciki ta zuba mini.

"Inna, na go..."

"Ke! Ba a gode wuta."

Na rufe da hannu, zafin na cin tafina. Ina miƙewa na hango su sun fito daga ƙofar kanti, leburorin nan biyu, ɗaya da turaku a hammata, ɗaya da sabuwar farar igiya naɗe a hannu. Suka tsaya wata motar fata ta wuce, sannan suka tsallako hanya.

Inna ta gan su. Ta jawo guntun marke mafi kauri a cikin itacenta, ta tura shi can tsakiyar murhu.